Nazarin Lamari: Sa Makunnin Magnum a Gurbin Na Gama-gari Wajen Ɗurin Harsashin Ƙaramar Bindiga

A shekarar 2020 da wadda ta biyo bayanta, masu ɗura harsashi da hannunsu a Amurka sun shiga ƙarancin kaya irin wanda suka taɓa gani a 2009 da 2013. Annobar korona ta rage aiki a masana'antu, mutane sun yi ta sayen bindigogi har hukumar FBI ta tantance kusan buƙatu miliyan 40 na binciken masu neman bindiga a shekarar 2020 kaɗai, kamfanin Remington ya karye a wannan shekarar, masana'antarsa ta harsashi da ke Lonoke a jihar Arkansas ta koma hannun Vista Outdoor, wanda a lokacin shi ke da Federal da CCI. Kamfanonin da ke yin makunni su ne kuma ke yin harsashin da aka gama haɗawa, saboda haka suka fifita nasu aikin, abin da ya rage wa masu ɗuri a gida bai taka kara ya karya ba. Dokar tarayya ta ƙasar ta yarda mutum ya ɗura harsashi don amfanin kansa ba tare da lasisi ba, sai in zai sayar, kuma masu harbin gasa da yawa sun dogara da wannan ne don rage tsadar atisaye. Ana iya tsince kwanso a filin harbi a sake amfani da shi, ana iya zuba dalma a gida a yi kan harsashi, amma makunni, wato ɗan ƙoƙon ƙarfen nan da ke gindin harsashi wanda masu sana'ar ke kira firaima, dole sai an saya.

Lamarin da za a nazarta a nan na wani mai harbin gasa ne da ya daɗe yana ɗura harsasai iri uku: 9mm Luger don fistol mai ɗura kanta, da .38 Special da .357 Magnum don libarba. Dukkansu ukun gurbin makunninsu ɗaya ne, ƙarami mai faɗin inci 0.175, kuma ya saba amfani da makunnin gama-gari a biyun farko, na magnum a na ukun. Da nasa na gama-gari suka ƙare, abin da ya samu a kasuwa shi ne ƙananan makunnan magnum na ƙaramar bindiga, masu yawa. Suna shiga gurbin daidai, tsayinsu da faɗinsu ɗaya da waɗanda ya saba, ido ba ya bambanta su in an fitar da su daga kwalinsu. Tambayar da ke gabansa ita ce ko zai ci gaba da awon albarushin da ya saba ya canza makunni kawai, ko kuwa canjin ya kai a sake lissafi daga tushe.

Abin da ke cikin makunni

Makunnin da ake amfani da shi a irin wannan ɗuri ƙirar Boxer ne, sunan wani kanar na sojan Ingila, Edward Boxer, da ya yi rajistar fasaharsa a 1866. Abubuwa uku ne a cikinsa: ƙoƙon tagulla, da sinadari mai tashi da bugu, da 'yar maƙera mai ƙafafu da ke zaune a kan sinadarin. Idan allurar bindiga ta bugi bayan ƙoƙon, sinadarin yakan matsu tsakanin ƙoƙo da maƙera ya fashe, wuta da tartsatsi su bi ta huda guda da ke tsakiyar gindin kwanso su isa ga albarushi. Jigon sinadarin a yawancin makunnai shi ne gishirin dalma da ake kira sitifnet, tare da naitiret na bariyam da ke ba da iskar ƙonewa, da salfaid na antimoni, da ɗan tetirazin da ke sa shi saurin tashi. Makunnin magnum yana ba da wuta mai zafi da daɗewa fiye da na gama-gari, ko dai don an ƙara yawan sinadarin, ko don an sauya haɗinsa, wani lokaci da garin alminiyam da ke watsa tartsatsi masu zafi cikin albarushi. A wasu kamfanonin kuma ƙoƙonsa ya fi kauri ko tauri don ya jure matsi mai yawa.

Sai dai babu wani ma'auni guda da ya ɗaure kamfanoni a kan yawan wutar da za a kira magnum. CCI yana da lamba 500 na gama-gari da 550 na magnum a ƙananan, da 300 da 350 a manyan. Federal yana da 100 da 200, da kuma 150 da 155. Winchester ya raba ƙananansa gida biyu, WSP da WSPM, amma babban makunninsa na WLP guda ɗaya ne, kuma a kwalinsa an rubuta cewa ya dace da ɗurin gama-gari da na magnum duka. Remington kuwa ya yi gargaɗi a kan lambarsa 1½ cewa kada a sa shi a harsasai masu matsi sosai irin .357 Magnum da .357 SIG da .40 S&W, a yi amfani da 5½, kuma a nan batun jurewar ƙoƙo ne ya fi batun zafin wuta. Wanda ya lura da wannan zai gane cewa na gama-garin wani kamfani yana iya kusantar magnum ɗin wani, kuma sakamakon da mutum ya samu da makunnin kamfani ɗaya ba hujja ba ne a kan na wani.

Dalilin da ya sa aka yi makunnin magnum tun farko shi ne albarushi mai wuyar kamawa. Akwai albarushin da ake yi ƙwaya-ƙwaya kamar ƙananan duwatsun ado, wanda kamfanin Olin ya fara a shekarun 1930, ana shafe kowace ƙwaya da wani sinadari da ke rage saurin ƙonewarta. Irin wannan shafi yana da amfani a babban kwanso da ake so matsi ya hau a hankali ya daɗe yana tura harsashi, amma yana sa albarushin ya ƙi kamawa da raunanniyar wuta, musamman a lokacin sanyi. Hodgdon H110 da Winchester 296, waɗanda albarushi ɗaya ne da suna biyu, su ne sanannun misalai. Albarushi mai saurin ƙonewa irin Bullseye ko Titegroup ko Winchester 231 ba ya buƙatar wannan taimako ko kaɗan. Bambancin kamar na busasshiyar ciyawa ne da gungumen itace: ashana ɗaya ta ishi ta farko, na biyun sai an haɗa masa wuta sosai. Saboda haka abin da ke yanke hukunci a kan makunni shi ne irin albarushin da yawansa, sunan harsashi ba ya yin wannan aikin. Akwai ɗurin .357 Magnum da yawa da littattafan awo suka gwada da makunnin gama-gari, kuma masu amfani da albarushin Alliant 2400 da dama sun fi son na gama-garin a cikinsa.

Inda haɗarin yake

Cibiyar SAAMI, wadda kamfanonin bindiga da harsashi na Amurka suka kafa a 1926, ita ke tsayar da iyakar matsin kowane harsashi, kamar yadda hukumar CIP ke yi wa ƙasashen Turai da dama. A ma'aunin SAAMI, iyakar 9mm Luger psi 35,000 ce (psi awon matsi ne, nauyin fam a kan kowane inci murabba'i), ta .357 Magnum ma 35,000, ta .38 Special kuwa 17,000, ko 20,000 in mai alamar +P ne, wato mai ƙarin matsi. Kowane awo da ke cikin littafin ɗuri an gwada shi ne a ɗakin gwaji da bututu na musamman mai na'urar auna matsi, da kwanso na kamfani kaza, kan harsashi kaza, tsayi kaza, da makunni kaza, kuma ana rubuta duk waɗannan a saman shafin. Lambar da aka ce ita ce mafi yawa tana aiki ne ga wannan haɗin kaɗai. Da zarar an sauya abu ɗaya, an bar abin da aka gwada an shiga abin da ba a gwada ba, ko da sauyin ƙarami ne a ido.

Makunni mai zafi yana shafar matsi ta hanya biyu. Ta farko, shi kansa yana zuba iskar gas a cikin kwanso kafin albarushi ya ce komai. Ta biyu, wadda ta fi muhimmanci, yana kunna ƙwayoyin albarushi da yawa a lokaci guda, sai matsin ya hau da sauri ya kai ƙololuwa tun kan harsashi bai matsa ya buɗe wa gas fili ba. Yawan tasirin ya danganta da girman filin da ke cikin kwanson, kuma a nan ne harsasan mutumin uku suka rabu.

Kwanson 9mm, wanda Georg Luger ya fitar a farkon ƙarni na 20, tsayinsa milimita 19 ne da ɗan ɗori, kuma bayan an zaunar da kan harsashi filin da ya rage ɗan kaɗan ne. Awon albarushi mai sauri a cikinsa yakan tsaya a wajajen giren huɗu, giren ɗaya kuwa miligiram 64.8 ne, kuma tazarar da ke tsakanin awon farawa da awon ƙarshe a littafi sau da yawa ba ta wuce rabin giren ba. Harsashin da ke aiki a matsi mai yawa, a fili ƙarami, da albarushi mai sauri, da tazara 'yar mitsitsiya, shi ne wanda ƙaramin sauyi ke iya turawa ya haye iyaka. Ɗurin mutumin na gasa yana kusa da awon ƙarshe, domin yana bukatar gudun da dokar gasarsa ta gindaya. Bugu da ƙari, a fistol da yawa masu ɗura kansu akwai ɗan sashen gindin kwanso da ƙarfen bindiga bai rufe ba, a daidai gangaren da harsashi ke hawa ya shiga mazauninsa, kuma idan matsi ya wuce kima a nan kwanso ke kumbura ko ya fashe, gas ya sauka ta cikin gidan harsasai zuwa hannun mai harbi. A ganina wannan ne wurin da bai kamata a yi sassauci ba ko kaɗan.

Lamarin .38 Special daban ne, har yana iya ruɗar mutum. An ƙirƙire shi a 1898 don baƙin albarushi irin na da, mai cin wuri, shi ya sa kwansonsa ya kai kimanin milimita 29, kuma awon albarushin zamani yakan kwanta a cikinsa ya bar fili mai yawa. Wannan filin yana sassauta tasirin makunni mai zafi. Amma iyakar matsinsa ba ta kai rabin ta 9mm ba, kuma akwai tsofaffin libarba da ƙanana masu jikin alminiyam da aka ƙera don wannan ƙaramar iyakar. Mutumin yana harba nasa .38 a libarbar .357 Magnum, wadda aka gina don ninki biyu na wannan matsi, don haka shi kansa yana da rata mai faɗi. Matsalar ita ce harsashi ba ya sanin bindigar da zai faɗa, kuma kwalin da aka ɗura don ƙaƙƙarfar libarba yana iya ƙarewa wata rana a cikin tsohuwa mara ƙarfi.

Akwai kuma wani abu da ba a cika ambata ba, wanda ya shafi daidaiton harbi fiye da lafiya. A ƙaramin kwanso, ko inda bakin kwanso bai riƙe kan harsashi da ƙarfi ba, bugun makunni mai zafi shi kaɗai yana iya tura kan harsashin gaba kafin albarushi ya kama sosai. Idan haka ta faru, filin da albarushin ke ƙonewa a ciki yakan bambanta daga harbi zuwa harbi, gudu ya riƙa hawa da sauka, harsasai su watse a jikin allon saiti. Wannan ne ya sa wani lokaci makunnin magnum ke ba da sakamako mafi muni ba tare da ya ƙara gudu ba.

A .357 Magnum, harsashin da Smith & Wesson da Winchester suka fitar a 1935, mutumin ba shi da abin sauyawa, domin ɗurinsa mai nauyi da H110 dama makunnin magnum littafi ya rubuta masa. Abin lura kawai shi ne da ƙarancin ya zo ta ɗaya gefen, wato da na gama-gari ya samu ya rasa na magnum, da matsalarsa ta fi wannan girma. Hodgdon ya daɗe yana gargaɗin kada a rage awon H110 fiye da kashi 3 cikin 100 daga na ƙarshe, saboda idan ya yi ƙaranci ko wutar ta yi rauni yana iya ƙin kamawa gaba ɗaya, makunni ya tura kan harsashi ya maƙale a cikin bututu, harbi na gaba ya same shi a can. Ke nan hanyar da aka saba ta rage albarushi don samun lafiya ba ta aiki a irin wannan albarushin.

Shawarwarin da ya ji, da abin da ya yi

A filin harbi ya ji magana iri biyu. Wasu sun ce sun yi shekaru suna sa na magnum a kowane ɗuri ba su ga komai ba, wasu sun ce kada ya kuskura ko da wasa. Masu magana ta farko ba ƙarya suke yi ba, domin a ɗuri matsakaici da ke nesa da iyaka sauyin sau da yawa ƙarami ne, kuma bindigogin zamani ana gwada su a masana'anta da harsashin da ya ɗara iyaka da kashi 30 cikin 100 ko fiye. Amma rashin fashewar bindiga ba ya nuna cewa matsi yana cikin iyaka, yana nuna dai cewa ana cin ratar da maƙera suka bari don ranar kuskure, ranar da kan harsashi zai nutse cikin kwanso yayin shiga bindiga, ko ma'auni ya zubo fiye da kima, ko harsasai su yini a cikin mota a rana. Masu magana ta biyu kuma sun wuce gona da iri, domin su kansu littattafan awo ba su haramta sauya makunni ba. Abin da suka ce shi ne duk wanda ya sauya wani ɓangare na ɗuri ya koma awon farawa, ko ya rage kashi 10 cikin 100 daga na ƙarshe in ba a rubuta na farawa ba, sannan ya hau a hankali.

Wannan hanyar ya bi. Ya fara da 9mm, ya koma awon farawa na littafin kamfanin albarushin, ya bar kwanso da kan harsashi da tsayin harsashi yadda suke domin makunni ya zama shi kaɗai ne abin da ya sauya. Ya auna kowane awo a sikeli ɗaya bayan ɗaya maimakon dogara da mazubin da ke kan injin ɗuri, ya ɗura ƙananan rukunai yana ƙara kashi ɗaya cikin goma na giren daga rukuni zuwa rukuni, ya rubuta awon kowanne a jikin jakarsa. Abu mafi hikima da ya yi shi ne ajiye ragowar tsohon ɗurinsa mai makunnin gama-gari, ya tafi da shi filin harbi a rana ɗaya, ya harba shi ta kan na'urar auna gudu kafin sababbin. Da haka ya samu abin kwatanci a bindiga ɗaya, a yanayin zafi ɗaya, da na'ura ɗaya, wanda ya fi masa amfani a kan gudun da aka rubuta a littafi, tunda tsayin bututun ɗakin gwaji da nasa ba lallai su zo ɗaya ba.

Ƙa'idar da ya ɗora wa kansa ita ce zai tsaya da zarar sabon ɗurin ya kai gudun tsohon, ko da awon albarushin bai kai na da ba. Dalilinta a fili yake: da albarushi ɗaya da kan harsashi ɗaya a bututu ɗaya, ƙarin gudu daga ƙarin matsi yake zuwa, kuma matsi yana hawa da sauri fiye da gudu, ta yadda ƙaramin ƙari a na'ura yana iya nufin babban ƙari a cikin kwanso. Na'urar auna gudu ba ta auna matsi, kuma daidaiton gudu ba ya tabbatar da daidaiton ƙololuwar matsi, musamman da makunnin da ke sa wuta ta kama da wuri. Duk da haka ita ce shaida mafi inganci da mai ɗuri a gida yake da ita, shi ya sa tsayawa a ƙasa da awon ƙarshe na littafi ya zama sharaɗi na biyu da bai kamata a tsallake ba.

Ya kai gudun da yake nema da awon da ya ɗan gaza na da, ya tsaya a nan. Ya duba kwansunan da aka harba bai ga kumburi a gindi ba, fistol ɗin tana jefa su inda ta saba, tazarar da ke tsakanin harbi mafi sauri da mafi jinkiri ba ta fi ta tsohon ɗurin faɗi sosai ba.

Ya kamata a tsaya a kan batun duba kwanso, domin a nan mutane da yawa ke yaudarar kansu. Al'adar kallon makunnin da aka harba don a ga ko ya baje ko gefen ramin allura ya taso, daga masu doguwar bindiga aka gaje ta, inda matsi ke haura psi 50,000. A ƙaramar bindiga wannan alama ba ta da amfani sosai. Makunnin da ke jure 35,000 a cikin 9mm shi ne ake sawa a .38 Special mai iyakar 17,000, don haka kafin ya nuna alamar wahala a .38 an riga an ninka iyaka. A libarba kuma makunni yakan ɗan fito baya a farkon harbi, sannan kwanso ya biyo shi ya danne shi a jikin bindiga, abin da ke iya baje shi ko da matsi kaɗan ne. Makunnin magnum mai kaurin ƙoƙo ya ƙara dagula wannan karatu, domin yana iya fitowa sumul a matsin da na gama-gari zai nuna alama. Ke nan makunnin da ake zargi da ƙara matsi shi ne kuma mafi iya ɓoye shaidar ƙarin. Kwanson da ke manne wa a gangar libarba har sai an bugi sandar fitarwa da ƙarfi alama ce ta gaske, amma ta makara, tana cewa ne a daina nan take.

Matsalar da ta fito ta inda ba a zata ba

A .38 Special matsi bai ba shi wahala ba. Ɗurinsa na atisaye dama mai sauƙi ne, ya koma awon farawa ya hau kaɗan, gudu ya yi kusa da na da. Abin da ya taso shi ne wasu harsasan sun ƙi tashi. Libarbarsa ta gasa an sassauta mata sifirin ɗin guduma domin kunama ta yi laushi, abin da masu gasa suka saba yi, kuma wannan gyara yana tafiya ne da makunni mai laushin ƙoƙo. Da ya sa masu tauri, sai ya zamana idan ya ja kunama kai tsaye ba tare da ɗana guduma da yatsa ba, bugun ba ya isa kowane lokaci, ramin da allura ta bari a bayan makunnin ɗan ƙarami ne.

Kafin ya ɗora laifin a kan taurin ƙoƙo ya duba zaman makunnan a gurbinsu, kuma daidai ya yi, domin mafi yawan ƙin tashi daga nan yake. Makunni yana buƙatar ya sauka har ƙafafun maƙerarsa su taɓa ƙasan gurbi, bayansa ya ɗan nutse ƙasa da gindin kwanso da kimanin inci 0.003 zuwa 0.005. Idan bai kai ƙasa ba, bugun farko yakan ƙare wajen ƙarasa zaunar da shi, sai ya tashi a bugu na biyu. Ya shafa yatsa a gindin kowane harsashi, ya sake ɗura wani rukuni da kulawa ta musamman, matsalar ta ragu amma ba ta ƙare ba. Da ya mayar da sifirin ɗin asali na masana'anta, kowane harsashi ya tashi. Duk lokacin da ɗaya ya ƙi, yakan bar bakin bindiga yana kallon allon saiti na kimanin daƙiƙa 30 kafin ya buɗe, saboda akwai makunnin da ke jinkiri sannan ya tashi.

Wannan sakamakon ya sa ya raba hukuncinsa. Ya karɓi makunnan magnum a 9mm da sabon awon da ya gaza na da, don atisaye da gasa. Ya karɓe su a .38 Special don atisaye da sifirin ɗin asali, ya ƙi yarda da su a ranar gasa, ya tanadi 'yan na gama-garin da ya samu daga baya don wannan. Wani ya ba shi shawarar ya gwada ƙananan makunnan doguwar bindiga, tunda girmansu ɗaya da na ƙaramar bindiga, ya ƙi, kuma ina ganin ya yi daidai: ƙoƙonsu ya fi tauri, libarbar da ta kasa na magnum ba za ta iya su ba, kuma sai a harsasai irin .454 Casull da aka tsara su da su suke da gurbi. Manyan na doguwar bindiga kuwa sun fi manyan na ƙaramar bindiga tsayi, suna tsayawa a saman gindin kwanso, abin da ke iya sa harsashi ya tashi yayin da bindiga ke rufewa.

Sauran aikin na rubutu ne da tsari. Tunda ido ba ya raba makunnan biyu, ya daina ajiye fiye da iri ɗaya a kan teburin ɗuri a lokaci guda, ya bar su a cikin kwalinsu na asali mai ramuka da ke raba kowanne da ɗan'uwansa, domin makunnan da aka zuba a gwangwani ɗaya suna iya tashi gaba ɗaya in guda ya kama. Yana sa tabarau na kariya wajen zaunar da su, yana wanke hannu bayan taɓa kwansunan da aka harba saboda ƙurar dalmar da sinadarin ke bari. A jikin kowane akwatin harsashi ya rubuta irin albarushi da awonsa, nauyin kan harsashi, tsayin harsashi, kamfanin makunni da lambarsa, da ranar ɗuri. A littafinsa ya buɗe wa ɗurin 9mm mai makunnin magnum shafi na kansa dabam da na tsohon, ya rubuta zafin ranar da ya yi gwajin, tare da tunatarwa cewa zai sake harba shi ta kan na'ura a tsakiyar bazara kafin ya ɗura da yawa, kuma zai koma awon farawa idan makunnan da ya saya nan gaba na wani kamfani ne.